Guntayen Kurfin Baba Nagoda

Ni direba ne, sunana Kailani, kuma direba ba ya rasa labari. Sai dai yawancin labaranmu na tasha ne, a yi su a teburin mai shayi, a tashi a manta. Shekara ashirin da 'yan kai ina jan a-kori-kura daga Zariya zuwa duk inda kaya suka nufa. Na ɗauki albasa, na ɗauki siminti, na ɗauki tumakin layya suna yi mini fitsari a bodi, amma ban taɓa ɗaukar mutumin da ya cika mini ido kamar Baba Nagoda maƙeri ba. Abin kunyar shi ne katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a Tudun Wada, amma sai da na kai shi daji mai nisan awa biyar a mota kafin na san wanda nake maƙwabtaka da shi.

Tun muna yara ƙarar masabarsa ce agogonmu. Mahaifinsa ne ya fito daga cikin birni ya kafa maƙerar a ƙofar gidan, shi kuma ya gaje ta, da uwar maƙerar da zuga-zugin da komai. A da, in damina ta matso, manoma kan yi layi tun daga bakin rumfarsa har kan kwana, wannan da garma, wancan da fartanya, wani da lauje. Daga baya masu walda suka cika gari, fartanyar kanti ta zo da arha, layin ya yi ta gajarcewa har ya ɓace. Lokacin da na yi aure, aikin Baba Nagoda ya koma wasa wuƙaƙe ana jibi Babbar Sallah da gyaran mariƙin tukunya. 'Ya'yansa maza biyu ne, ɗaya na gyaran waya a unguwar Kongo, ɗaya na koyarwa a firamare. Babu wanda ya ko kalli masaba a cikinsu.

Duk da haka kullum da safe sai ya hura wuta. Ko akwai aiki ko babu, zai zuga ta har ta yi ja, ya zauna yana kallonta. Mu kuma marasa kunya in mun zo wucewa sai mu ce, "Baba, yau me ake gasawa? A ajiye mana namu." Ba ya tankawa. Dogo ne, siriri, hannuwansa duk tabon tartsatsi, zai iya wuni bai yi magana goma ba. Mun ɗauka rashin abin faɗa ne.

Shekara huɗu da suka wuce na fara kai kaya Rafin Kanya. Daji ne can yamma, inda wani manomi ya tsinci zinare a bakin rafi, kafin wata uku wurin ya zama gari. Rumfunan leda da na buhu iyakar ganinka, injinan niƙa dutse na ruri tun safe, ramuka kuwa sai ka kula da inda kake sa ƙafa. Ina kai musu man dizal da shinkafa da gangunan ruwa. A can na lura da abin da ke ci wa masu haƙa rai, wato kurfi, ƙarfen nan da suke kafawa a jikin dutse su doke shi da guduma, wanda samarin yanzu ke kira cizal. Rabin wuni ya dakushe. Su kai wa mai injin wasa ƙarfe, ya goge shi har ya ƙone, gobe ya lanƙwashe a hannunsu. Da na dawo gida na ba Baba Nagoda labari, da wasa ma na faɗa. Washegari da na fito zan tayar da mota sai na tarar da uwar maƙerar mahaifinsa a baya, an ɗaure ta da igiya, shi yana zaune a gaba da carbinsa. Matarsa Inna Ishatu tana tsaye a ƙofar gida tana harara ta.

"Kailani," in ji ta, "in ka kai mini tsoho daji wani abu ya same shi, ni da kai ne."

Bari in faɗi yadda ake mulkin Rafin Kanya, don wanda bai je ba zai ɗauka wuri ne da kowa ke yin abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. Ƙasar ta dagacin ƙauyen ce. Takardar izinin haƙa, an ce, tana hannun wani kamfani da babu wanda ya taɓa ganin fuskar mai shi. Wasu ma'aikata kan zo jefi-jefi, su zauna a inuwa, su ci gasasshen nama, su tafi. Amma ikon da ake gani da ido na Alhaji Salmanu ne, shugaban ƙungiyar masu haƙa, wanda kowa ke kira Ciyaman. Shi ke auna wa mutum fili da igiya ya ce nan ne raminka. 'Yan sintiri nasa ne. Duk buhu goma na dutsen da ya fito daga rami, ɗaya na ƙungiya ne, ƙungiya kuwa ta san hanyar rumfarsa. Ba zan zalunce shi ba: shi ya sa aka haƙa rijiyar burtsatse, shi ya kori masu sayar da ƙwaya, kuma a zamaninsa ba a taɓa zare wuƙa a sansanin an wuce ba hukunci ba. Ana tsoronsa, ana gode masa, mutum ɗaya kan yi duka biyun a wuni ɗaya.

Shi ne ya karɓi Baba Nagoda hannu bibbiyu. Ya ba shi gindin kanyar da ke tsakiyar sansanin, wurin da ya fi ko'ina inuwa, ya kuma ja kunnen 'yan sintiri cewa kada wanda ya kuskura ya takura wa tsohon nan.

A gindin kanyar nan na fara kallon aikin da na shekara arba'in ina ji ta bayan katanga ban taɓa tsayawa na duba ba. Tsohon sifirin mota nake kawo masa daga wajen kanikawan unguwar Kwangila. Ya yanka, ya gasa, ya koɗa bakin, sannan ya zo wurin da maƙera da yawa ke faɗuwa, wato ba ƙarfe ruwa. Zai tsoma bakin kaɗan ya fitar, ya goge shi da dutse, ya zuba masa ido. Zafin da ya rage a jikin ƙarfen sai ya riƙa gangarowa wajen bakin yana sauya launi, daga na busasshiyar ciyawa zuwa na wuyan tantabara. Akwai wani ɗan lokaci tsakanin biyun, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, a nan yake nutsa shi gaba ɗaya. In ya yi sauri ƙarfen zai fashe a jikin dutse, in ya yi jinkiri zai lanƙwashe. Kurfin Baba Nagoda kan yi kwana uku a rami bai nemi wuta ba.

Ba shi da mai zuga. Dokar maƙerarsa ita ce wanda ya kawo ƙarfe shi zai zauna ya zuga wa ƙarfensa wuta. Na taɓa ganin wani dillalin zinare mai agogo biyu ya zo da ƙarafan yaransa yana son a yi masa alfarma ya tsallake layi. Baba ya nuna masa ƙarshen layin da awartaki, da aka zo kansa kuma ya nuna masa zuga-zugi. Mutumin ya naɗe babbar riga ya zuga, gumi na ɗiga daga haɓarsa, samari na ƙunshe dariya.

Don kada kaya su cakuɗe, kowane rami ya yi masa alamar da yake bugawa kusa da kan ƙarfen, wajen da guduma ke sauka. Wani ɗigo biyu, wani zane da ɗigo, ramukan Ciyaman kuwa zane uku. Bai rubuta su ko'ina ba, kuma ramukan sun fi ɗari biyu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda yake karanta ƙarfe. Zai juya kurfi a hannu, ya shafa bakin da babban yatsa, ya ce wa mai shi, "Kun bar marmara, kun shiga farin dutse." Ko ya ce, "Ku nemi injin jan ruwa, kun kusa." Wata rana a gabana ya dubi kan wani ƙarfe ya ce wa wani ƙato, "Kafaɗarka ta dama na ciwo, ka koma bugu da hagu. Je ka a duba ka." Ƙaton ya saki baki, don ko abokan raminsa bai faɗa wa ba. Wasu suka fara cewa Baba na da aljanu. Shi kuwa ya ce babu wani aljani, kowane dutse da irin cizon da yake yi wa ƙarfe, kowane hannu kuma da irin bugunsa.

Cikin shekara guda Baba ya sauya. Bayansa ya miƙe. Na ji dariyarsa, abin da ban taɓa ji a Tudun Wada ba. Gari na wayewa layi ke kamawa, samari da ƙarafa a kafaɗa suna ta "Baba, ina kwana, Baba, an tashi lafiya." Wata Juma'a ina kawo shi gida ganin iyali, muna cikin tafiya ya ce mini, idonsa a kan titi, "Kailani, ashe da sauran amfanina a duniya." Sai na canja giya. Daga ranar na san abin da gindin kanyar nan yake a wurinsa.

Sai maganar Nwabueze ta taso. Shi ma ɗan Tudun Wada ne, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Mahaifinsa ya bar masa shagon kayan janareta, ya sayar da shi ya zo Rafin Kanya ya karɓi fili, ya ɗauki masu haƙa shida. Wata bakwai suna fama babu komai. A na takwas suka faɗa kan jijiyar farin dutse mai zinare, irin wanda ake gani da ido tun ba a niƙa ba. Filinsa kuwa na jingine da ɗaya daga cikin ramukan Ciyaman, ramin da tun da aka fara shi ban da jar marmara ba ya fitar da komai.

Dokar sansanin a kan wannan a fili take. Iyakar da igiya ta auna a sama ita ce iyaka har ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya karkata ya haƙa ta gefe ya shiga filin maƙwabcinsa ɓarawo ne: a ƙwace raminsa a ba wanda ya shigar wa, shi kuma ya bar daji kafin rana ta faɗi. Wata Talata da hantsi bangon ramin Nwabueze ya ɓurme, sai ga wani siririn kogo ya haɗe ramukan biyu. Aka tsayar da aiki. Aka tura mutum uku su sauka su duba ta wane ɓangare aka faro kogon, duka ukun 'yan sintiri. Suka fito suka ce daga wajen Nwabueze ne. Aka sa zama ranar Alhamis bayan la'asar, dagaci zai zo. Kowa ya san inda zaman zai ƙare, don Nwabueze ba shi da kowa a dajin nan, ba ɗan'uwa, ba ubangida.

Ranar Laraba da azahar na sauke dizal na leƙa maƙera. Na tarar Baba ya bar wuta na ci ita kaɗai, yana tsugune a bayan rumfa yana tona tarin guntayen ƙarfen da yake ajiyewa, yana ware wasu cikin wani tsohon bokiti.

"Baba, sana'ar gwangwan za ka koma?"

Ya miƙo mini guntu ɗaya. Kan kurfi ne da aka yanke, da zane uku a jikinsa.

"Mako uku da suka wuce Yusha'u ya kawo mini ƙarafa goma sha bakwai," in ji shi. Yusha'u shi ne mai kula da wannan ramin na Ciyaman. "Ya ce in gajarta su, in bar taƙi ɗai-ɗai. Kai direba ne, ba ka sani ba. Mai haƙa ƙasa a tsaye yake ko a durƙushe, dogon kurfi yake so. Gajere na wanda ya kwanta a kan haƙarƙarinsa ne yana cin gefe, inda babu wurin ɗaga hannu. Tun ina yankan su na san inda za su."

"To ai ba kai ka aike su ba, Baba."

"Ni na yanke. Ni na ba su ruwa. Suna dawowa da cizon farin dutse a baki, daga ramin da babu farin dutse a cikinsa, ina koɗawa ina mayar musu. Mako uku. Na yi ta ce wa kaina ni maƙeri ne, ba alƙali ba."

Nan na zauna na ba shi shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce Baba, ka rufa wa kanka asiri. Na ce inuwar nan da kake zaune a ciki wa ya ba ka? Na ce Nwabueze da sauran ƙuruciyarsa, zai koma gari ya nemi wata sana'a, kai fa, da shekara kusan saba'in ina za ka koma, wasa wuƙar layya? Ban ambaci cewa rabin lodin da nake yi na Ciyaman ne ba, amma ya sani. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duk gaskiya ka faɗa," ya ci gaba da tonansa.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfar ƙungiya. Dagaci a kan kujera, Ciyaman a kan kujera kusa da shi. Ciyaman ne mai ƙara, shi ne kuma mai hukunci, babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Masu haƙa sun fi ɗari biyar a tsaye, jikinsu duk jar ƙasa. 'Yan sintirin uku suka maimaita abin da suka faɗa. Nwabueze ya rantse, ya sake rantsewa, ya roƙi a tura wasu su sake dubawa. Ciyaman ya ce bangon ya riga ya ɓurme, ba zai jefa ran kowa cikin haɗari ba. Dagaci ya gyara zama zai yi magana.

Sai muka ji ƙarar ƙarfe a bokiti. Baba Nagoda ne ke ratsowa, mutane na buɗe masa hanya. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida dagaci yadda ya kamata, sannan ya juye bokitin a kan tabarma.

"Baba Maƙeri, lafiya?" in ji Ciyaman yana murmushi. "Wa ya kira ka shaida?"

"Babu wanda ya kira ni, Alhaji. Aikin hannuna ne a ciki, shi ya kawo ni."

Ya jera guntayen goma sha bakwai, kowanne da zanensa uku na kallon sama. Ya faɗi ranar da aka kawo su, da wanda ya kawo, da tsawon da aka ce ya bari. Bai ɗaga murya ba, har na baya na cewa a yi shiru su ji. Bai tsaya bayanin abin da gajeren kurfi ke nufi ba, don duk wanda ke tsaye a wurin ya sani, a jikinsa ya sani. Sannan ya dubi dagaci.

"Ranka ya daɗe, a kawo ƙarafan ramin Nwabueze duka, a kawo na ɗaya ramin."

Aka kawo. Na Nwabueze ya auna su ɗaya bayan ɗaya daga gwiwar hannunsa zuwa yatsa, babu gajere ko ɗaya. Da aka zazzage buhun ɗaya ramin sai ga gajerun sun zubo tare da sauran. Ba su ɓoye su ba, don bai taɓa zuwa ran kowa ba cewa za a tambayi ƙarfe. Baba ya ɗaga ɗaya sama ya juya shi kowa ya gani: kan ya baje ta gefe guda, irin bugun mutumin da ke kwance, bakin kuma farin dutse ya gatsa shi.

Murmushin Ciyaman ya tafi. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Baba, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, Alhaji. Ka yi mini alheri, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma in aka kori yaron nan yau, da ƙarfena aka kore shi."

Na ga manya a rayuwata, na ga masu kuɗi, na ga masu ƙarfi, amma ban taɓa ganin mutum ya ajiye abin da ya fi so a duniya da hannunsa haka ba, a natse, kamar mai ajiye takalmi a ƙofar masallaci. Ni da na ba shi shawarar yin shiru ina tsaye a bayansa, na rasa inda zan sa idona.

Guna-guni ya taso daga baya yana matsowa gaba. Dagaci tsoho ne da ya san iyakar ikonsa. Ya dubi taron, ya dubi Ciyaman, suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Sannan ya faɗi hukunci: Nwabueze ba shi da laifi, raminsa nasa ne. A cike kogon. Yusha'u ne ya yi gaban kansa ba da sanin Alhaji ba, ya bar daji yau. Ramin Ciyaman kuwa, wanda doka ta ce a ƙwace, babu wanda ya ambace shi. Ni ma da nake cika baki yanzu ban ambata ba.

Bayan kwana uku Ciyaman ya zo gindin kanya da kansa, da safe, layi na tsaye. Ya gaida Baba da ladabi, ya ce ƙungiya za ta kafa sabon injin niƙa, kuma babu wurin da ya dace sai nan. Baba ya tambaya ko akwai wani gefen da zai matsa. Ciyaman ya ce sansani ya cika.

"Kuma shekaru sun ja, Baba," in ji shi. "Ka je ka huta cikin jikoki."

Masu layi duk suna ji, babu wanda ya tsaya masa. Kowa da ramin da yake tsoron rasawa, kuma ban ga laifinsu ba. Baba ya gama ƙarfen da ke cikin wuta, ya ba shi ruwa, ya miƙa wa mai shi, sannan ya kashe wutar. Nwabueze ne ya cicciɓi uwar maƙerar ya kai mota, ƙato da shi yana share hawaye, yana cewa shi ma zai bar ramin ya bi shi gida.

"Koma bakin aikinka," in ji Baba. "Kada ka gode mini. Mako uku na yi ina kallo ana cin bangonka."

Awa biyar muka yi a hanya yana jan carbinsa. Ni kuwa haushin kaina ya hana ni ko kunna rediyo.

Inna Ishatu ta yi murnar dawowarsa kwana biyu, a na uku ta tare ni a ƙofa. "Kailani, me kuka yi masa a dajin nan? Wutar ma ya daina hurawa." Na leƙa na ga gaskiya ne. Ya kafa uwar maƙerar a wurinta, amma ya bar murhun a sanyaye. Yakan fito ya zauna a kan benci, hannuwansa a cinya, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Bayansa da ya miƙe ya soma komawa yadda yake a da. Wannan ya fi korar tayar mini da hankali.

A Rafin Kanya kuwa Ciyaman ya kawo wani maƙerin. Mutumin kirki ne, sai dai bai iya ba ƙarfe ruwa ba, nasa ko ya lanƙwashe ko ya fashe. A mako na uku wani kurfi ya tarwatse a rami, ɓarɓashinsa ya tsaga wa wani mai haƙa kunci, saura kaɗan ido. Ranar da zan juyo gida na zo ɗaure tamfol sai na ga buhu biyu a bayan motata da ban san da su ba. Na taɓa na ji nauyi da sanyin ƙarfe. Wani mai haƙa da ke wucewa, bai ko dube ni ba, ya ce, "A gaida Baba."

Kafin azahar na iso Tudun Wada. Ko gida ban shiga ba na jawo buhunan na zazzage su a gaban rumfarsa, ƙarar da suka yi har ta fito da Inna Ishatu. Baba ya dube su. Sannan ya sauko daga benci ya tsuguna ya fara warewa, yana duba alama yana kiran masu ramukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisawa da su. Biyu daga ciki gajeru ne. Ya tura su gefe ya ce in mayar yadda suke, in faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa ya daina aikin gajeren kurfi.

Sai na lura da tarin da ya fi kowanne girma a gabansa. Na sunkuya na duba. Zane uku ne, sun kai talatin. Nan take raina ya ɓaci.

"Baba, waɗannan ai na mutumin da ya kore ka ne! Ba su da kunya? Bar su, ni zan mayar, in watsa masa su a ƙofar rumfa kowa ya gani."

Ya ɗauki ɗaya yana shafa bakin da babban yatsa. "Kailani, tun da kake zuwa dajin nan, ka taɓa ganin Alhaji Salmanu ya sauka rami?"

"Ko sau ɗaya."

"To ba shi zai riƙe ba. Wanda zai riƙe yana can gaba ashirin a ƙarƙashin ƙasa, fuskarsa taƙi ɗaya da ƙarfen. In ya fashe, idonsa ne." Ya juya wajen ƙofar gida. "Innar yara, a miƙo mini ashana."

Da masu zane ukun ya fara.